Auren da Baffa Ya Hana a Tsakanin Taurari

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma Baffana ya riga mu isa. Ƙanen mahaifina ne, wanzamin unguwarmu a Gazawa, shi ya riƙe ni tun ina shekara biyar. Ya cika ran wata Talata da hantsi, aka sallace shi bayan azahar, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure. Da yake ni ne babba cikin mazan da suka rage a gidan, ni aka zaunar wurin karɓar gaisuwa. A gefena ɗan Baffa na cikinsa ne, wanda na girma da shekara biyu, har gobe kuma ƙanena nake ce masa.

Gaisuwar ranar farko duk na san da zuwanta. Tsofaffin mata suka wuce cikin gida suna cewa shi ya yi wa 'ya'yansu askin suna, ya yi wa jikokinsu. Dattawa suka ce hannunsa ba nauyi, ƙahonsa ba ya barin tabo. Wannan haƙƙinsa ne, na amsa da zuciya ɗaya.

A rana ta biyu aka fara wadda ban shirya mata ba. 'Yan kabukabu suka zo a jere, suka kafe baburansu a inuwar bedi, suka durƙusa. Babbansu tsohon ɗalibina ne, na sha fama da shi a kan haɗa baƙi har ya gudu daga aji uku. Ya yi addu'a mai kyau, sannan ya dube ni, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin boko a wajenmu, ya ce:

"Mushe, sai haƙuri. Mu dai yanzu ba mu san wa zai riƙa hwaɗa muna fim ba."

Na ce, "Allah ya ba da lada."

Bayansu wani mai fataucin aya ya iso daga Gidan Rumji, ya shafa fatiha, ya girgiza kai. "Ni tun da nike yawon kasuwanni, ban ga mai jin Nasaranci irin tsohon ga ba. Duk abin da sunka ce cikin tele, shi ya sani."

A gabana ya faɗa, ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da Faransanci a lakol, wato makarantar boko. Shi kuwa marigayin, iyakar Faransancinsa kalmar gaisuwa ce guda, ita ma sai ya ga jandarma.

Da la'asar Ardo ya zo daga wajen Gangara, tsohon amininsa. Ya zauna, sandarsa a kan cinya. Da zai tashi ya ce, "Yadda nake duban saniya in ce ga uwarta ga kakarta, haka mutumen nan yake duban mutane. Har na cikin akwati."

Na zauna ina ta amsa amin. Ina da littattafan da gara ta cinye rabinsu, rabin da ya rage ma ya fi na kowa yawa a unguwa. Ɗalibaina sun zama likitoci da ma'aikatan buro, wato ofishin gwamnati. Amma na san ranar da za a shimfiɗa tawa tabarmar, ba wanda zai durƙusa ya ce yanzu wa zai riƙa bayyana mana abu. Ban taɓa jin an yi kishin gawa ba sai da na tsince shi a ƙirjina, ga mutane na ta yaba mini haƙuri.

Kishin tsoho ne, ya girmi wasu daga cikin masu gaisuwar. A zamanin da aka sa ni lakol, ba don ana son yaro ake kai shi ba. Mai gari ke aikowa kowane gida ya ba da ɗaya, kowane gida kuma ya duba wanda zai iya rashi. Baffa na da mu biyu, nasa da maraya. Ya ba da maraya. Ƙanena ya gaji zabira, da asake, da ƙaho, da hirar Baffa a kan hanyar gidajen suna. Ni na gaji alli. Mutane na cewa ni aka yi wa gata, kuma in aka duba rufin ɗakina da nasa, da gaskiyarsu. Abin da na so a wurin Baffa bai da yawa: na so rana ɗaya ya tambaye ni wani abin da bai sani ba, in ba shi amsa daga cikin karatun da shi ya jefa ni. Bai yi ba. Ko takarda ta zo masa daga buro, matarsa yake ba, Inna, ta kawo mini kamar tata ce.

Wanzami a wajenmu ba aski kaɗai yake yi ba. Shi ne namijin da ke shiga gida ran suna ya ɗauki jariri a hannu, ya ga wa ta haihu, wa ke kwance, wa nononta bai zo ba, wace maƙwabciya aka miƙa wa yaro. Baffa bai manta irin wannan. Yakan ce shi ba ya riƙe sunan mutum sai ya ga ƙeyarsa. Akwai shekarar da aka sa ranar wani aure a Gangara, an kai kaya, an sayi goro. Baffa ya hau kekensa ya sami uban saurayin a gona, ya ce:

"Shekarar da aka yi ƙyanda, uwar yarinyar ga ta kwanta wata biyu. Wa ya ba ta nono?"

Aka kira mata aka tambaya. Uwar saurayin ta dafe baki. Ita ce. Aka fasa. Saurayin ya yi shekara uku bai kawo kansa aski ba, in sun haɗu a hanya sai ya duba wani wuri. Baffa bai ce masa ƙala ba. Ya dai nemo masa wata daga Cadawa, bayan ya bi asalinta har kaka ta huɗu. Wannan mutumin shi ya fi kowa kuka a maƙabarta.

Shigarsa harkar fim kuwa rashin ciniki ya jawo. Wani ɗan unguwarmu ya dawo daga ci-rani da tele da bidiyo da ƙaramin injin wuta, ya kafa rumfar zana a bakin kasuwa, ya lulluɓe ta da tamfol don ta yi duhu, yana nuna fim ran kasuwa bayan azahar. A gindin bishiyar da ke ƙofar rumfar Baffa ke aski. Da an kunna inji sai masu jiran aski su watse su shige, wani ma da rabin kai. Baffa ya gaji ya bi su ciki. Ya fara da gunaguni shi kaɗai, na kusa da shi suka fara dariya, na nesa suka ce a ɗaga murya. Kafin damina ta zagayo mai gidan kallon ya ajiye masa kujera a gefen tele. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, aka rage muryar masu fim don a ji ta Baffa.

Fim ɗin da ya ɗaukaka shi ba zan faɗi sunan da masu shi suka sa masa ba, don a Gazawa ba wanda ya san shi da shi. 'Yan Ƙaura ake ce masa, Baffa ya raɗa. Labarin mutane ne da duniyarsu ta bushe, suka shiga jirgi mai girman gari suna ratsa taurari neman ƙasa mai ruwa. Jagorarsu wata tsohuwa ce mai hannun ƙarfe. Akwai saurayi mai tsagaggen kunne, Baffa ya ce masa Kunne. Akwai budurwa mai ɗan farin gashi a goshi, ya ce mata Mai Hurhura. A ƙarshe tsohuwar ta mutu, Kunne da Mai Hurhura suka tsaya a bakin taga riƙe da hannun juna, aka rufe. Mutanen da suka san ƙaura da neman ruwa ba sa bukatar a ce musu fim ɗin ya yi kyau. An nuna shi har kaset ya fara ruwa-ruwa.

A nan na yi kuskurena na farko. An zo wurin da tsohuwar ke numfashin ƙarshe tana magana, Baffa ya sassauta murya ya ce, "Ta ce ku riƙe zumunci, kada ku raba garke." Rumfa ta yi tsit, na ji wata tana jan hanci. Ni kuwa na kasa kunne ta ƙarƙashin muryarsa na ji ainihin maganar. Na miƙe.

"Baffa, ba haka ta ce ba. Cewa ta yi a rufe ƙofar ɗakin inji na uku."

Wani daga baya ya ce, "Mushe, nan hwa ba aji ba ne."

Baffa ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ai shi ke nan. In ba a rufe ƙofa ba garke ya watse. Zamna, kana tare ma mutane."

Na zauna. Gaskiyar tana wurina, dariyar tana wurinsa, kuma na lura da wadda mutane suka tafi da ita gida.

Bayan wasu shekaru, an bar kaset an koma faifai, sai ga wasu biyu na 'Yan Ƙaura sun ƙetaro iyaka, ba lamba a jiki, ba bayani. Aka cika rumfa ana jiran a ga auren Kunne. Aka kunna, ba Kunne, ba Mai Hurhura, ba ma jirgin. Sai duniya da sauran ɗanyen ganye, da wata yarinya mai tsiwa da hannayenta biyu lafiyayyu. Aka fara hayaniya. Wasu suka ce mai faifan ya yi cuta, wasu suka ce wani fim ne dabam. Ni na gane abin da ya faru: masu fim sun koma baya ne su ba da labarin abin da ya faru kafin na farko. Har sunan wannan dabara na sani, na shirya jimla mai kyau, ina gyaran murya. Sai Baffa ya ɗaga hannu.

"Ku duba haɓarta. Ku duba yadda take karkata kai kahin ta yi hwaɗa. Tsohuwarmu ce tana ɗiya. Sun nuna muna tsuhwanta, yanzu za su hwaɗa muna inda ta hito." Ya nuna tele da yatsa. "Ku zuba ido ga hannun nan na dama. Ba zai kai ƙarshe ba."

Daga nan har ƙarshen faifai na biyu, mutum kusan ɗari ba abin da suke kallo sai hannun yarinyar nan. Ta ɗauki kofi da shi, a ce wayyo. Ta shafa kan doki da shi, a ce Allah sarki. Lokacin da ƙofar jirgi ta datse shi ba wanda ya yi ihu, ajiyar zuciya aka yi, irin wadda ake yi in mara lafiyan da aka daɗe ana jinya ya cika. Na karanta sharhin masana a kan irin wannan, shafi bayan shafi. Baffa ya gama shi a jimla biyu, da askarsa a aljihu.

Rigimarmu mafi tsawo a kan jeri muka yi ta. Da Sallah ta zo mai gidan kallo ya so nuna ukun a rana ɗaya, ya rasa da wanne zai fara. Na ce abu ne a fili, a fara da na baya biyun, a rufe da na farko, labari ya tafi a kan hanyarsa kamar yadda ake fara lakol daga aji ɗaya. Baffa ya ce ko kusa.

"Mushe, ranar da ka hwara ganin matarka, kakanta aka hwara nuna maka?"

"Baffa, wannan dabam. Labari yana da farko, yana da ƙarshe."

"Mutum ake gani. In ya shiga rai, sannan a tambayi asalinsa. In ka hwara da yarinyar ga mai hannu biyu, wa zai ji tausayin hannun? Hannu ne kawai."

Na ce wannan ba tsari ba ne. Ya ce shi bai san tsari ba, ya san mutane. Na ce ai shi ya sa ake zuwa lakol. Wannan maganar bai kamata ta fita ba, kuma ta fita a gaban mutane. Muka yi wata guda ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Duk da haka kowace Juma'a da safe ina kai kaina, yana aske ni shiru, aska na yawo a maƙogwarona, ba wanda ke cewa uffan. Mai gidan kallo ya bi jerin Baffa. Ni kuma na ari faifan na kalla a ɗakina bisa nawa jerin, na tarar da yarinya mai hannu biyu wadda ba ruwana da ita. Ban faɗa wa kowa ba.

Kada a ce na ɓoye alherinsa. Shekarar da aka tura ni wani ƙauye gaba da Gidan Rumji, zazzaɓi ya kwantar da ni ni kaɗai, iyalina ba su iso ba tukuna. Ban aika ba, ban san wa ya faɗa masa ba. Sai ganinsa na yi da zabira a kafaɗa, ya sauka daga motar kasuwa ya tako sauran da ƙafa. Ya yi mini ƙaho, ya dama mini kunu da hannunsa, ya kwana tara a tabarma a bakin ƙofata. Ranar da na koma aji ya bi ni, ya zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa. Na yi darasin da ban taɓa yin irinsa ba, na zuba duk abin da na iya. Da aka tashi na jira. Ya ce, "Kana yawan duban allo. Riƙa duban yaran." Ya ɗauki zabirarsa ya tafi tasha. Na yi fushi har yamma, sannan na yi shekara ashirin ina aiki da maganar.

Yanzu ga abin da ya raba gari biyu. Kusa da ƙarshen faifai na biyu, a cikin gobarar da jagorar ta rasa hannunta, lokacin ta manyanta, an nuna wani ɗaki inda aka tara jariran da iyayensu suka mutu. Wani inji mai siffar mace, na ƙarfe, yana rungume da biyu yana shayar da su. Wurin bai kai tsawon shan ruwa ba, mun kalle shi sau da yawa ba wanda ya kula. Ranar Sallar nan Baffa ya ce, "Tsaya. Maida baya." Aka maida. Ya matsa har hancinsa na taɓa gilashi. Ɗaya jaririn kunnensa a naɗe da ƙyalle. Ɗayan da ɗan farin gashi a goshi.

Baffa ya koma kujerarsa ya ce, "To. Ba aure."

Mutanen da suka yi shekaru suna jiran biki ba su karɓi wannan da sauƙi ba. Maganar ta kai har zauren Baffa, inda Liman da Ardo ke zuwa hira bayan la'asar. Liman ya ce shi ba ya ba da hukunci a kan hoto. Ya sha shayinsa, can ya ce, "Amma dai nonon, na mace ne aka zuba ma injin, ko na gwangwani ne?"

Baffa ya ce, "Ta rungume su. Gwangwani ba ya runguma."

Ardo ya ce shi dai a wurinsu in maraƙin da uwarsa ta mutu ya sha wata saniya, ɗanta ake lissafa shi, ita ma haka take lissafa shi.

Na bar su suka gama, sannan na yi magana a hankali, kamar mai gyara jarrabawa. Na ce Nasaran da suka yi fim ɗin ba su san hukuncin shayarwa ba, ba ya cikin dokarsu, ba ya cikin al'adarsu. Sun nuna jariran ne don mata su yi kuka. In na gaba ya fito, aure za a yi, da farar riga da kome.

"Ban ce sun san shari'a ba," in ji Baffa. "Na ce sun sha nono guda. Shi nono bai tambaya ko ka san shari'a. Kuma mutum ba ya ɓata dukiyarsa ya nuna maka kunne a banza."

A karon farko a rayuwata na sami mabiya, don samari duk aure suke so. In na wuce tasha sai su ce, "Mushe, yaushe ne ɗaurin auren?" In ce, "Ku dai tanadi goro." Dattawa da mata suka bi Baffa. Shekaru suka wuce, na gaba bai fito ba. Salula ta zo ta kwashe wa gidan kallo mutane, kowa ya koma kallo a tafin hannunsa. Na ajiye alli. Yanar ido ta rufe wa Baffa gani, ƙafafunsa suka kumbura, ya miƙa wa ƙanena zabira ya koma zaure. Amma in aka tayar da maganar, yana nan a kan bakansa.

Da bazarar bana tsohon ɗalibin nan nawa ya shigo unguwa yana danna oda, ya ce ya samo na huɗu a ƙaramin kati, daga tsallake. Ba wanda ya yarda a kalla ba Baffa. Aka ɗauko tele da batirin pano, mai cajin hasken rana, aka kai zaurensa bayan azahar, aka rataya bargo a ƙofa. Liman ya zo, Ardo ya zo, 'yan kabukabu suka cika har waje. Tunda Baffa ba ya gani, a ranar aka ƙure murya, abin da ba a taɓa yi ba. Ƙanena ya zauna jikinsa yana faɗa masa hoto: ga Kunne ya yi gemu, ga Mai Hurhura hurhurar ta ƙaru, ita ke jan jirgi yanzu. Baffa ya ɗan taɓa fassara daga sautin muryoyi, aka yi dariya sau biyu uku, sannan numfashi ya gaza masa ya yi shiru. Faransancin na gudu da sauri, ya fi ƙarfin wanda ya tsaya a aji uku. A zauren nan ni kaɗai ke jin abin da ake faɗa.

A ƙarshe suka sami ƙasar. Aka nuna su biyu a bakin wani ruwa mai faɗi. Kunne ya kama hannunta ya yi tambaya. Ta daɗe tana magana, idonta da hawaye. Abin da ta ce, a taƙaice: ta shiga tsohon ɗakin jarirai ta ga abin da aka ajiye a can. Ƙirji ɗaya ya rayar da su, ko da na ƙarfe ne. Tun kafin su iya magana shi ɗan uwanta ne, haka kuma zai zauna har mutuwa. Sannan ta rungume shi, kiɗa ya tashi, rana na faɗuwa a bayansu.

Samari suka ɗauki sowa, an ɗaura, an ɗaura. Ƙanena ya sunkuya ya ce, "Baba, ta rungume shi."

Baffa ya juyo da fuskarsa wajen da ya san ina zaune. Ya ce:

"Mushe, mi ta ce?"

Shekara hamsin da wani abu ina jiran wannan tambayar. Na sha tsara yadda zan amsa ta, da ladabi, ba gadara. Ban taɓa tsammanin in ta zo, amsarta za ta zama cewa shi ne da gaskiya ba, a gaban Liman, a gaban Ardo, a gaban yaran da suka yi shekaru suna ce mini mai gayya. Na yi shiru. Ban san tsawonsa ba. Sannan na ji bakina ya ce:

"Ba wani abu ba ne, Baffa. Ruwan take yabo."

Ya ce, "To."

Tsohon ɗalibina ya ce, "Baffa, yau dai Mushe ya ci ka."

Baffa ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai ya yi karatu."

Aka rako ni gida ana taya ni murna. Na ce wa kaina gobe zan koma in faɗa masa mu biyu. Na koma, muka yi maganar ruwan shuka. Na sake komawa, na tarar da baƙi. Na sake, yana barci, na ji daɗin barcin. Haka har Talatar nan. Don haka duk wanda ya durƙusa a gabana yana yabon saninsa, yana ƙara mini abu biyu ne a lokaci guda, kishin da abin da kishin ya sa na yi.

Bayan sadakar bakwai na shiga wurin Inna. Tana takaba, zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta ɗago ba har na gama.

"Ashe abin da ya hana ka cin tuwo ke nan, ɗan lakol."

"Inna, ya tafi bai sani ba."

"Wa? Ran nan da aka watse ya sa aka shigo da shi yana dariya har da tari. Ya ce mini, ba a yi auren ba. Na ce kai da ko hannunka ba ka gani? Ya ce, na tambayi yaron ga ya yi shiru. Da shi ya ci ni, da kahin in rufe baki ya amsa."

Na ce, "To me ya hana shi faɗa a wurin?"

Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake, ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce a bar maka, ka daɗe kana so."

Na fito na tsaya a zaure, tabarmarsa na nan a naɗe. Sau ɗaya ya tambaye ni abin da bai sani ba, ya karɓi amsarsa a wurina ba tare da na ba shi ba, sannan ya bar mini nasarar da ya san ba tawa ba ce.

Saboda haka ku 'yan kabukabu na tashar Gazawa, da duk wanda ya yi sowa a zauren nan, a karanta muku wannan: ba a ɗaura ba. Ni na ji da kunnena. Baffa ne da gaskiya.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata makwancinsa, ya saka masa da alherin kowane kai da ya ɗauka a hannunsa ran suna. Ni kuma ku sa ni a addu'a, don layin nan na cewa shi ne da gaskiya, sai da alƙalamina ya tsaya kafin ya rubuta shi.